Taƙaitaccen Tarihin Iwao Takamoto (1925-2007)

Da wuya a sami wanda ya taso a gaban akwatin talabijin bai san Scooby-Doo ba, wato ƙaton karen nan matsoraci da ke bin wasu matasa huɗu cikin mota suna binciken fatalwowi. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya zana shi. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a gabatar da tarihinsa, a kuma duba abin da ya sa zanensa bai tsufa ba.

An haifi Iwao Takamoto a birnin Los Anjeles na ƙasar Amurka ranar 29 ga Afrilu, 1925. Mahaifinsa mutumin Japan ne da ya yi ƙaura zuwa can. Yana saurayi sai Japan ta kai hari Pearl Harbor a watan Disamba na 1941. A cikin 1942 gwamnatin Amurka ta tattara mutane wajen 120,000 masu asalin Japan, galibinsu haifaffun Amurka, ta tsare su a sansanoni ba tare da an kama su da wani laifi ba. Takamoto da iyalinsu aka kai su Manzanar, wani fili mai ƙura a jihar Kalifoniya, kewaye da waya mai ƙaya. A can ya haɗu da waɗansu tsararru biyu da suka taɓa aikin zane a masana'antar sinima, su ne suka ɗora hannunsa a kan sana'ar.

Da aka sake shi a 1945 ya nemi aiki a kamfanin Disney. Ba shi da takardar shaidar wata makarantar zane, sai ya cika 'yan littattafan rubutu da zanen duk abin da idonsa ya gani, ya kai musu, suka ɗauke shi. Ya zama mataimakin Milt Kahl, wanda aka sani da ƙwarewa da kuma tsanani. Aikinsa shi ne gyara zanen maigidansa, ya tsabtace layi, ya tabbatar siffa ba ta sauya ba daga wannan hoto zuwa wancan. Ya sa hannu a Cinderella (1950), da Lady and the Tramp (1955), da Sleeping Beauty (1959), da One Hundred and One Dalmatians (1961). Mai karatu zai lura biyu daga ciki labaran karnuka ne.

A 1961 ya koma kamfanin Hanna-Barbera, inda sha'anin ya sha bamban. Sinima tana da kuɗi da lokaci, talabijin kuwa kowane mako tana bukatar sabon shiri. Saboda haka akan bar jikin tauraro tsaye, a motsa baki ko ƙafafu kawai. In motsi ya yi ƙaranci, tilas siffar ita kanta ta nuna halin mai ita tun kallon farko. A nan baiwar Takamoto ta fito fili. Shi ya zana Astro, karen The Jetsons, da Muttley mai dariyar ƙeta.

Sa'ad da Joe Ruby da Ken Spears suka tsara sabon shirin bincike domin tashar CBS, aka ɗora masa zanen taurarin. Akwai wata ma'aikaciya a kamfanin mai kiwon manyan karnukan nan da ake kira Great Dane. Ya tambaye ta siffofin kare na ƙwarai wanda ke cin gasa, ta lissafa masa, shi kuwa ya je ya yi akasin kusan duk abin da ta faɗa. Ya ba karen gwamayen ƙafafu, da doro, da haɓa mai ninki, da dabbare-dabbaren da ba na asalin irinsa ba. A ganina ba kowa zai iya wannan ɓarna ba, sai wanda ya shekara 16 yana koyon daidai a Disney. Abin da ya fito shi ne kare mai girman ban tsoro wanda shi ne farkon gudu, kuma ba a bukatar ya yi motsi kafin a gane haka.

An fara nuna Scooby-Doo, Where Are You! ranar 13 ga Satumba, 1969. Zubin labarin kusan ɗaya ne kullum: dodo ya addabi wani wuri, a yi ta guje-guje, a ƙarshe a tuɓe masa abin rufe fuska, sai ga mutum ne mai neman dukiyar da ba tasa ba. Ba Takamoto ya rubuta wannan ba, amma mutum ba ya rasa tuna cewa mai zanen an taɓa tsare shi saboda kamannin fuskarsa.

An sha farfaɗo da shirin. A 1998 Scooby-Doo on Zombie Island ya karya ƙa'ida, ya mai da dodannin na gaske. A 2002 aka kawo What's New, Scooby-Doo? Wanda ya fi ƙarfi a wajena shi ne Mystery Incorporated, kashi 52 daga 2010 zuwa 2013, wanda ya ɗinke labarin ya zama dogon zare guda a garin Crystal Cove, ya ba matasan iyaye da soyayya da saɓani. An sauya tufafi da muryoyi da zubin labari, amma doron karen da gwamayen ƙafafunsa suna nan. Shirin Velma na 2023, wanda aka yi domin manya aka kuma cire karen ɗungurungum, bai wuce zango biyu ba.

Ban da wannan, shi da Charles Nichols suka ba da umarnin Charlotte's Web a 1973, kuma a 1996 aka ba shi lambar girma ta Winsor McCay. Bai bar aiki ba har ƙarshen rayuwarsa, yana riƙe da muƙamin mataimakin shugaba a sashen zane na Warner Bros. Ya mutu a Los Anjeles ranar 8 ga Janairu, 2007, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 81, mako uku bayan mutuwar maigidansa Joseph Barbera. Littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya rubuta tare da Michael Mallory, ya fito a 2009.