Henry Oldenburg

Henry Oldenburg (an haife shi a wajajen 1619, ya rasu ranar 5 ga Satumba 1677) masani ne kuma jami'in diflomasiyya ɗan asalin Jamus wanda ya yi rayuwar aikinsa a Ingila. Yana cikin sakatarorin farko na ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan, kuma shi ne ya kafa mujallar Philosophical Transactions a 1665, wadda har yau ake bugawa. An fi saninsa da tsara yadda masu bincike za su riƙa fitar da sakamakonsu fili ba tare da wani ya ƙwace musu shi ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Bremen, inda ya karanci ilimin addinin Kirista. A 1653 hukumomin birnin suka tura shi Ingila a matsayin jakada wurin Oliver Cromwell. Daga baya ya zama malamin Richard Jones, ɗan 'yar'uwar masanin sinadarai Robert Boyle, suka zaga Faransa da Jamus tare. A wannan tafiya ce ya san masana da dama waɗanda ya ci gaba da musayar wasiƙu da su.

Wasiƙu da mujalla

A zamaninsa, wanda ya gano wani sabon abu yakan ɓoye shi don gudun sata. Wasu, irin su Galileo da Christiaan Huygens, sukan wallafa abin da suka gano cikin haruffa a cakuɗe, sai ranar da gardama ta tashi su warware su. Da Oldenburg ya zama sakatare a 1662, sai ya bi wata hanya. Duk wasiƙar da ta iso yakan rubuta ranar isowarta, a karanta ta a zaman ƙungiya, a kwafe ta cikin kundi. Da haka mai bincike ya sami shaidar cewa shi ne na farko, kuma bayyanawa ta fi masa ɓoyewa amfani.

Fitowar farko ta mujallar ta kasance ranar 6 ga Maris 1665, wata biyu bayan Journal des sçavans ta Faransa. Mujallar tasa ce ta kansa, riba da asara duk nasa, kuma ribar ba ta taka kara ta karya ba. Annobar da ta afka wa Landan a 1665 da babbar gobarar 1666 sun kawo mata tsaiko. Duk da haka ya fitar da fitowa 136 kafin rasuwarsa. A cikinta aka buga takardar Isaac Newton kan haske da launuka a 1672. Daga 1673 kuma ta fara ɗaukar wasiƙun Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan kasuwar yadi na garin Delft da bai iya Latin ba, wanda Oldenburg ke fassara rahotanninsa kan abin da yake gani ta madubin ƙara girman abu. Yakan kuma aika wasu rubuce-rubucen ga masana su duba kafin a buga, kodayake tsarin tantancewa na dindindin bai kafu a ƙungiyar ba sai ƙarni na 19.

Tsarewa da rigima

Yawan wasiƙunsa da ƙasashen waje ya jawo masa zargi. A 1667, lokacin yaƙin Ingila da Holan, an tsare shi a Hasumiyar Landan kimanin wata biyu. Wasiƙun waje sukan zo masa da sunan Grubendol, wato haruffan sunansa a jujjuye. A 1675 Robert Hooke ya zarge shi da tsegunta wa Huygens sirrin wani agogo da ya ƙirƙira, amma majalisar ƙungiyar ta goyi bayan Oldenburg.

Rasuwa da abin da ya bari

Ya rasu a Landan, aka binne shi a Bexley da ke Kent. Royal Society ta karɓi ragamar mujallar a hukumance a 1752. Tsakanin 1965 da 1986, A. Rupert Hall da Marie Boas Hall sun wallafa wasiƙunsa cikin mujalladi 13. A 2011 ƙungiyar ta buɗe tsofaffin fitowar mujallar kyauta a intanet, har da waɗanda ya shirya da hannunsa.