Abu Huraira, Sahabi Mai 'Yar Kyanwa

Sayyadina Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, mutumin ƙabilar Dausu ne ta wajen Yaman. Ya tashi maraya yana kiwon tumakin danginsa, yana kuma da wata 'yar kyanwa wadda in dare ya yi yakan ɗora ta bisa itace, gari na wayewa ya sauko da ita su tafi kiwo tare. Daga nan aka yi masa wannan alkunya, watau mai 'yar kyanwa, har ta danne sunansa na yanka.

Ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin yaƙin Haibara, ya zauna cikin matalautan Suffa, ya lizimci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya ruwaito hadisi 5,374. A cikinsu akwai labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Ya rasu wajen shekara ta 58, aka binne shi a Baƙi'a.

To, mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi wanda maƙwabci ya bar wa akuya ko kyanwa ya tafi aikin Hajji ko cin rani, ya sani amana ce ya karɓa, kuma za a tambaye shi ita ranar gobe. Allah ya sa mu dace, amin.