Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Ɗalibai da yawa suna gudun lissafi, wai ilmin Turawa ne. To, ku ji labarin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina. A 1732 ya rubuta littafi kan hatimin lambobi, wato yadda za a jera su gida-gida, ta ko'ina aka tara jimla ɗaya ce. A hatimi mai gida tara, 15 ake samu. Malam bai yi canki-canka ba, ƙa'ida ya shimfiɗa daki-daki. Irin wannan bin ƙa'ida kwamfuta ke yi yau, in injiniya zai auna ƙarfin gada kafin a gina ta. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Wa zai gaje shi cikinku?