Labarin Mildred Norman, Matafiyar Sulhu

Bayan haka, an haifi Mildred Norman a Amurka cikin 1908. Ran 1 ga Janairu 1953, ana tsakiyar yaƙin Koriya, ta tashi daga Fasadena a ƙasa, tana kira a ajiye makamai, har da bam ɗin nukiliya, irin wanda Faransa ta fasa a Sahara cikin 1960. Ba guzuri, ba ko anini, ba ta kuwa roƙo. Sai an ba ta take ci. Fataken Shinkafi na da ma ai da jakai da guzuri suke fita. Da ta cika mil 25,000 cikin 1964, sai ta bar ƙidaya, amma ba ta bar tafiya ba. Ta rasu cikin haɗarin mota a Indiyana, 1981, ana kai ta wurin jawabi.