Seiichi Miyake, wanda ya shimfiɗa wa makafi hanya

Duk wanda ya saba bi ta Kantin Kwari a Fagge ko kasuwar Sabon Gari a Kano ya san yadda makaho ke ratsa cunkoso: sanda a hannu, yaro ɗan jagora a gaba. Sau da yawa wannan aiki ne ke hana yaron zuwa makaranta.

A ƙasar Japan, wani mutum mai suna Seiichi Miyake ya nemi dabarar da makaho zai yi tafiya shi kaɗai, ƙasar da yake takawa ta zame masa jagora.

An haifi Miyake a shekarar 1926 a garin Kurashiki da ke lardin Okayama. Shi dai mai gani ne, amma yana da aboki, Hideyuki Iwahashi, jagoran wata cibiyar makafi a birnin Osaka, wanda ganinsa ke ta raguwa.

A shekarar 1965, Miyake ya yi amfani da kuɗin aljihunsa ya ƙera wasu tubala masu ƙananan ƙulle-ƙulle a samansu, waɗanda makaho zai iya ji da tafin ƙafa ko da bakin sanda. Aka kira su tubalan tenji, wato sunan rubutun makafi a harshen Japan.

Ranar 18 ga watan Maris na 1967 aka fara shimfiɗa su a bakin wani titi kusa da makarantar makafi ta Okayama.

Daga baya tubalan suka kasu biyu. Masu dogayen layuka na nuna inda hanya ta dosa, masu ƙulle-ƙulle kuwa gargaɗi ne cewa a dakata, akwai matakala ko mahaɗar titi ko bakin layin dogo. Galibi akan yi musu launin rawaya saboda masu ɗan sauran gani. Sai dai fa duk wannan ba ya da amfani idan ɗan kasuwa ya baza kaya a kansu, ko aka ajiye babur.

Tashoshin jiragen ƙasa na Japan sun rungumi tsarin a shekarun 1970.

Miyake ya rasu a 1982 yana da shekara 56, kafin tubalansa su bazu zuwa Ingila da Amurka da Ostareliya.