Edgar Jacobs: Mawaƙin da ya koma zana Masar ta Fir'auna

An haifi Edgar P. Jacobs a Brussels, babban birnin Beljiyam, a 1904. Burinsa waƙa ne, har ya samu gurbi a gidan waƙar opera na Lille a Faransa. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da dandamali a 1940, dole ya koma zane don neman abin sawa a baka.

Ya yi aiki da Hergé, mai labaran Tintin, amma suka rabu a 1947 bayan Hergé ya ƙi sa sunansa a littattafan da suka yi tare. Daga nan ya duƙufa kan nasa taurarin, Blake da Mortimer.

A 1950 mujallar Tintin ta fara buga labarinsa na sirrin babbar dalar Giza, inda Mortimer ke neman wani ɓoyayyen ɗaki mai ɗauke da dukiyar Fir'auna Akhenaten. Jacobs bai yarda da zanen ka-ci-ka-ci ba. Ya nemi shawarar masana tarihin Masar a Brussels, ya tattara hotuna, sannan ya zana gidan tarihi na Alƙahira da rubutun tsoffin Misirawa da tsanaki. Labarin ya fito a littattafai biyu, a 1954 da 1955.

Ya rasu a 1987 bai kammala littafinsa na ƙarshe ba. A kan kabarinsa da ke Lasne an kafa mutum-mutumi mai jikin zaki da kan mutum, irin na Giza.