John F. Kennedy: Shugaban Amurka da ya yi mulki da ciwon baya

A watan Yulin 1961, Firayim Ministan Najeriya, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kai ziyarar aiki ƙasar Amurka, inda Shugaba John Fitzgerald Kennedy ya karɓe shi a Fadar White House da ke birnin Washington. Duk wanda ya dubi hotunan wannan ziyara zai ga mai masaukin baƙin a tsaye ƙyam, matashi ɗan shekara 44, fuska a sake, kamar ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Alhali makonni kaɗan kafin nan da sanduna biyu yake dogarawa, har ta kai na'urar ɗaga kaya ce ta ɗora shi a jirgin sama saboda ya kasa hawa matakala. A ƙarƙashin kwat ɗinsa kuwa akwai ɗamara mai tauri da ke tallafe da ƙugunsa.

Ciwon da ya yi wa Kennedy wannan ɗauri sananne ne a garuruwanmu. A Miga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda manomi ke wuni a duƙe cikin fadamar shinkafa, mace kuma ke fama da daka da ɗibar ruwa, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai kukan ciwon baya ba. Shi ya sa tarihin wannan mutum, wanda ya sami duk abin da kuɗi da mulki za su iya saye na magani, yake da abin da zai gaya mana.

An haifi Kennedy ranar 29 ga Mayun 1917 a garin Brookline na Jihar Massachusetts. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya tara na attajiri Joseph Kennedy, wanda ya zama jakadan Amurka a Birtaniya daga 1938 zuwa 1940. Ya taso a gidan wadata, amma cikin laulayi. Tun bai cika shekara uku ba wani zazzaɓi mai tsanani ya kusa ɗauke shi, ciwon ciki kuma ya bi shi har girma. A gidansu ba a son raki, kuma ana ɗaukar tsere da gasa tamkar wajibi, don haka tun yana yaro ya koyi haɗiye zafi. Bayansa ya fara damunsa ne yana ɗalibi a Jami'ar Harvard, inda ya shiga a 1936, kuma an fi danganta farkon ciwon da raunin da ya ji a wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa.

Domin a fahimci abin da ya same shi, sai an dubi yadda Allah Ya tsara gadon bayan ɗan Adam. Ƙasusuwa ne ƙanana a jere, ɗaya bisa ɗaya, kuma a tsakaninsu akwai faya-fayan guringuntsi guda 23 masu aiki kamar matashi, suna hana ƙashi gugar ƙashi. Kowane faifai yana da ɓawo mai ƙarfi da ciki mai laushi. Idan ɓawon ya tsage saboda nauyi ko rauni ko shekaru, sai cikin ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke kusa. Daga nan ne ake jin zafi yana saukowa daga ƙugu zuwa cinya har ƙafa, wani lokaci da mutuwar sashen ƙafar. Faya-fayai biyu na can ƙasa, inda nauyin jiki ya fi sauka, su suka fi lalacewa, kuma a nan ne matsalar Kennedy ta zauna.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ƙasa ta ƙi ɗaukarsa saboda bayan nasa. Da taimakon mahaifinsa ya shiga sojan ruwa a 1941, aka ba shi jagorancin wani ƙaramin jirgin yaƙi mai lamba PT-109 a yankin Tsibiran Solomon. Cikin duhun daren 2 ga Agustan 1943, wani babban jirgin yaƙin Japan ya banke nasu ya raba shi biyu. Mutum biyu cikin 13 suka mutu nan take. Kennedy ya kama igiyar rigar ruwan wani abokin aikinsa da wuta ta ƙona, ya cije ta da haƙora, ya yi ta iyo da shi na wajen sa'a huɗu har suka kai wani tsibiri. Wannan jarumta ta ba shi lambar yabo da suna, ta kuma ƙara wa bayansa lahani.

A watan Yunin 1944 aka yi masa tiyata ta farko a birnin Boston, aka cire ɓangaren faifan da ya lalace. Tun kafin aikin ra'ayin likitoci ya rabu a kan ko ya cancanta, bayan an yi kuma bai sami sauƙin da ake fata ba. A watan Agustan shekarar aka kashe yayansa Joseph a fagen yaƙi, burin siyasar gidan ya dawo kansa. A 1946 ya ci kujerar Majalisar Wakilai. A 1947, yana Landan, ya faɗi ciwo, likitoci suka gano yana da cutar Addison, wadda ke hana wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda samar da sinadarin da jiki ke buƙata don jure wahala da yaƙar ƙwayoyin cuta. Daga nan ya rayu a kan maganin kotizon, kuma kowace tiyata ta zama kasada gare shi.

Duk da haka bai zauna ba. A 1952 ya ci kujerar Majalisar Dattawa, a 1953 ya auri Jacqueline Bouvier. Waɗanda suka yi yawon kamfe da shi sun ba da labarin yadda yake barin sandunansa a mota, ya shiga zauren taro a miƙe yana murmushi, ya fito ya zube a kujera ya runtse ido. Zuwa 1954 ciwon ya kai inda sa safa da takalmi a ƙafar hagu yake gagararsa, matakala kuma sai a kaikaice yake saukowa. Likitoci suka gargaɗe shi cewa wata tiyatar na iya zama ajalinsa, amma ya zaɓi a yi.

Ranar 21 ga Oktoban 1954, a wani asibitin ƙashi da ke New York, aka haɗe ƙasusuwan ƙugunsa da farantin ƙarfe. Ƙwayoyin cuta suka shiga jikinsa, ya yi dogon suma, har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar da mabiya ɗariƙar Katolika ke yi wa wanda ke gargarar mutuwa. Da sauran kwana a gaba, ya farfaɗo, sai dai miki ya ƙi warkewa. A watan Fabrairun 1955 aka sake buɗe shi aka cire ƙarfen. A watannin jinyar nan ne aka tsara littafinsa mai suna Profiles in Courage, kan sanatocin da suka tsaya a kan ra'ayinsu, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1957. A watan Satumban 1957 aka yi masa aiki na huɗu, don zubar da mugunyar da ta taru a wurin tsohon miki. Aiki huɗu cikin shekara 13, ciwo yana nan daram.

Da wuƙa ta gaza, sai aka koma ga allura. Daga 1955 wata likita mai suna Janet Travell ta fara yi masa allurar kashe zafi a tsokokin baya. Ita ce ta lura ƙafarsa ta hagu ta ɗan fi gajarta, ta sa aka ƙara wa takalminsa tudu, ta kuma ba shi shawarar zama a kujera mai lilo, wadda daga baya ta zama alamarsa. Allurar tana kawo sauƙi na 'yan sa'o'i, sai a sake. Ya ci gaba da kwana a katifa mai tauri da shiga ruwan zafi sau da yawa a rana. Jama'a ba su san yawancin wannan ba. Masanin tarihi Robert Dallek, wanda aka bai wa damar duba takardun lafiyarsa a 2002, ya gano an kwantar da shi a asibiti sau tara a ɓoye tsakanin 1955 da 1957.

A watan Nuwamban 1960 ya kayar da Richard Nixon, ya zama mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa zaɓa Shugaban Amurka, yana da shekara 43. Bai cika wata huɗu a kan mulki ba, ranar 16 ga Mayun 1961, ya duƙa da shebur don dasa itace a birnin Ottawa na Kanada, bayan ya sake tashi. A wannan hali ya tafi Vienna, babban birnin Ostiriya, don ganawa da shugaban Tarayyar Sobiyet, Nikita Khrushchev, a farkon watan Yuni. Cikin tawagarsa akwai wani likita, Max Jacobson, mai yi masa allurar da ta ƙunshi amfetamin, sinadari mai sa kuzari na ɗan lokaci da jefa mutum cikin jaraba. Mutumin da makaman nukiliya ke ƙarƙashin umarninsa ya miƙa jikinsa ga haɗin da sauran likitocinsa ba su amince da shi ba, domin zafi idan ya yi tsanani ba ya barin mutum ya tsaya tantance mai magani. A 1975 hukuma ta ƙwace lasisin wannan likita.

Sauƙin ya zo ne ta hanyar da ba a zata ba. Likitan fadar, George Burkley, ya damu da yawan allurai, sai ya nemo wani ƙwararre ɗan asalin Ostiriya mai suna Hans Kraus a watan Oktoban 1961. Kraus ya tarar tsokokin cikin shugaban da na bayansa sun yi rauni ƙwarai, saboda shekarun da ya yi yana dogaro da ɗamara da allura. Ya ɗora shi a kan motsa jiki mai tsari, da miƙar da tsoka, da iyo, da gashi, da tausa, aka kuma rage allurai. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma cikin watanni ya ragu sosai. Lokacin da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya taso a watan Oktoban 1962, duniya ta kwana 13 a bakin yaƙin nukiliya, shugaban ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan yadda yake a Vienna.

Kraus ya so ya raba shi da ɗamarar a hankali, amma lokaci bai ba su dama ba. Ranar 22 ga Nuwamban 1963, aka harbe Kennedy a cikin buɗaɗɗiyar mota a birnin Dallas na Jihar Texas, yana da shekara 46. Likitocin da suka karɓe shi sun tarar da ɗamarar a jikinsa, an naɗe ta da bandeji. Wasu masana na ganin ita ce ta riƙe shi a zaune bayan harsashin farko, ba ta bar shi ya kife ba, har na ƙarshe ya same shi a ka. A 2017 wasu likitocin ƙwaƙwalwa da laka biyu, Glenn Pait da Justin Dowdy, suka sake nazarin takardunsa da hotunan ƙashinsa, suka nuna cewa dalilai da dama ne suka haɗu suka haifar da ciwon, kuma tiyatar farko tana cikin abin da ya dagula lamarin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Abin da likitoci suka sani a yau ya yi daidai da abin da Kennedy ya gano a makare: yawancin masu zamewar faifan baya suna samun sauƙi cikin mako shida zuwa 12 ba tare da tiyata ba, doguwar kwanciya tana ƙara raunana tsoka, kuma ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi irin su tiramol, da wasu ke saye a kemis don su iya fita gona, suna rufe ciwon ne su bar mutum da jaraba. Tiyata tana da wurinta. Wanda fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafarsa ke ƙara rauni, ya bar maganar ƙaho da ɗori, ya garzaya asibiti a ranar, ko Jahun ko Dutse, inda za a iya tura shi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kennedy ya shafe fiye da rabin rayuwarsa da ciwon da ido ba ya gani, kuma ɓoye shi da ya yi ne ya buɗe ƙofa ga masu allurar da suka kusa cutar da shi. Idan magidanci a Miga ya ce bayansa ya hana shi riƙe fartanya, ko uwargida ta ce ta kasa ɗaga taɓarya, kada a yi saurin kiransu ragwaye. A saurare su, a rage musu nauyi, a kai su ga likita tun ciwon bai yi nisa ba.